Tarihin Frederick Law Olmsted, uban masu tsara filaye da lambuna

A shekarar 1900 ne Jami'ar Harvard ta Amurka ta buɗe kwas ɗin digiri na farko a fannin tsara filaye da lambuna, wato ilimin da ke koya wa ɗalibi yadda zai dubi fili, da tudunsa da kwarinsa, da hanyoyin ruwa da itatuwa, ya shirya su domin amfanin jama'a.

A daidai wannan lokaci, mutumin da ya aza harsashin sana'ar, Frederick Law Olmsted, yana zaune a wani asibitin masu taɓin hankali mai nisan 'yan kilomitoci daga jami'ar, gigin tsufa ya riga ya ci ƙarfinsa.

Shi kansa Olmsted bai taɓa kammala karatun jami'a ba. Sai da ya kai shekara 35 da haihuwa, bayan ya gwada sana'o'i da dama ba tare da ya tsaya a kan ko guda ba, sannan ya sa hannu a aikin da duniya ta san shi da shi.

Kafin ya ajiye aiki a 1895, ya tsara wurare kimanin 500, ciki har da lambun shaƙatawa na Central Park da ke New York, da harabar majalisar dokokin Amurka a Washington, da harabar Jami'ar Stanford.

Ƙuruciya

An haifi Olmsted a ranar 26 ga watan Afrilun 1822 a birnin Hartford na jihar Connecticut. Mahaifinsa, John Olmsted, ɗan kasuwa ne mai rufin asiri da ke sayar da yadudduka.

Mahaifiyarsa Charlotte ta mutu a 1826, tun yaron bai cika shekara 4 ba. Ta bar shi da ƙanensa John Hull, wanda ya zame masa amini mafi kusa har ƙarshen rayuwarsa.

Bayan mahaifin ya sake aure, sai aka riƙa kai Frederick wajen limaman coci a ƙauyuka domin su riƙe shi su koya masa karatu. Ya sauya hannu sau da dama, abin da ya sa karatun nasa ya zama na tsinci-tsinci.

Sai dai mahaifin mutum ne mai son yawon buɗe ido. A lokacin hutu yakan ɗebi iyalinsa a keken doki su zaga karkara suna kallon koguna da duwatsu. Masu rubuta tarihin Olmsted na ganin a waɗannan tafiye-tafiye ne idonsa ya fara buɗewa a kan kyawun ƙasa.

Yana ɗan shekara 14, wani tsiro mai dafi ya taɓa shi, idanunsa suka yi rauni. Aka ba da shawarar ya rage karatu, ta haka shirin shigarsa Jami'ar Yale ya wargaje. A maimakon haka aka kai shi wajen wani injiniya ya koyi aikin safiyo.

Neman abin yi

A 1840 ya kama aikin akawu a wani kamfanin shigo da kaya a New York, amma bai ji daɗin zaman ofis ba. A 1843 ya shiga jirgin ruwan fatauci a matsayin ƙaramin ma'aikaci zuwa birnin Canton na ƙasar Sin. Ya dawo bayan shekara guda a rame, bayan fama da rashin lafiya da ƙarancin abinci a teku.

Ya ɗan zauna a Yale inda ƙanensa ke karatu, yana shiga laccocin kimiyya a matsayin mai sauraro, amma bai yi nisa ba ya bari.

Daga nan ya karkata ga noma. Mahaifinsa ya saya masa gona a Connecticut a 1847, sannan a 1848 ya sake saya masa wata a tsibirin Staten da ke kusa da New York.

A wannan gona ce ya koyi abubuwan da suka amfane shi daga baya: yadda ake janye ruwa daga ƙasa mai laka, yadda ake gyara ƙasar da ta gaji, da yadda ake dashen itatuwa. Gonar dai ba ta kawo ribar kirki ba, mahaifin ne ya ci gaba da ɗaukar nauyinsa.

Abin da ya gani a Ingila

A 1850 Olmsted da ƙanensa da abokinsu Charles Loring Brace suka tafi Turai, suka shafe kimanin wata 6 suna yawo, akasari a ƙafa.

Kusa da Liverpool suka shiga lambun Birkenhead, wanda Joseph Paxton ya tsara, aka buɗe a 1847 da kuɗin jama'ar garin. Abin da ya fi ɗaukar hankalin Olmsted shi ne ganin talaka da mai kuɗi suna yawo a wuri guda, kowa na ɗaukar lambun a matsayin nasa.

A wancan zamani manyan lambuna a Turai galibi mallakar sarakuna ne da masu sarauta. A Amurka kuwa, wadda ke alfahari da mulkin jama'a, babu wani birni mai irin wannan wuri.

Da ya koma gida ya rubuta littafi a kan tafiyar, aka buga a 1852. Wannan littafi ne ya buɗe masa ƙofar aikin jarida.

Ɗan jarida a jihohin bauta

A watan Disamban 1852 jaridar da a yau ake kira New York Times ta tura shi jihohin kudancin ƙasar domin ya aiko da rahotanni a kan rayuwa a ƙarƙashin tsarin bauta. Ya ratsa Virginia da Carolina da Georgia da Louisiana, daga bisani shi da ƙanensa suka shiga Texas a kan dawaki.

Ya kwana a gidajen masu gandayen auduga da bukkokin talakawa, ya yi hira da iyayen giji da bayi, yana rubuta farashin kaya da yawan aikin da ake yi a yini.

Hukuncin da ya yanke shi ne, baya ga zaluncin da ke cikinta, bauta na talauta yankin da ke yin ta. Ya nuna cewa dukiyar auduga ta taru a hannun 'yan tsiraru, yayin da hanyoyi suka lalace, makarantu suka yi ƙaranci, ƙasar noma kuma ta gaji. A Texas ya ga baƙi Jamusawa na noma auduga da hannunsu ba tare da bayi ba, ya kafa hujja da su.

Rahotannin sun zama littattafai 3 tsakanin 1856 da 1860, aka taƙaita su cikin The Cotton Kingdom a 1861. Har yanzu masana tarihi na dogara da su wajen nazarin wancan zamani, ko da yake suna lura da cewa a farkon tafiyar Olmsted na cikin masu son a kawar da bauta sannu a hankali ne.

A 1855 ya zuba kuɗin mahaifinsa a wani kamfanin ɗab'i na New York. Kamfanin ya durƙushe a 1857, ya bar shi da bashi.

Central Park

A wannan hali yake lokacin da ya ji ana neman wanda zai shugabanci leburori a filin da birnin New York ya keɓe domin babban lambun shaƙatawa. Ya nemi aikin, aka ba shi a watan Satumban 1857.

Birnin na kumbura a lokacin. Mazaunansa da ba su wuce 124,000 ba a 1820 sun haura 800,000 a 1860, yawancinsu baƙi ne daga Turai da ke cunkushe a gidajen haya marasa iska.

Filin da aka zaɓa duwatsu ne da fadama, amma akwai mutane a cikinsa. Hukuma ta tashi kimanin mutum 1,600, ciki har da mazauna unguwar Seneca, inda baƙar fata da dama suka mallaki filaye da gidaje, suka gina coci-coci da makaranta. An yanke shawarar tashinsu tun kafin Olmsted ya zo, kuma an gama ta a ƙarshen 1857. An daɗe ana mantawa da wannan ɓangare na tarihin lambun kafin masu bincike su tono shi a shekarun 1990.

Wata 2 da fara aikinsa, ƙanensa John ya mutu da tarin fuka a birnin Nice na Faransa.

A daidai lokacin ne hukumar lambun ta sa gasar zane. Wani mai zanen gine-gine haifaffen Ingila, Calvert Vaux, ya nemi Olmsted su haɗa hannu. Vaux ya iya zane, Olmsted kuma ya san kowane lungu na filin. Da rana yana kan leburori, da dare suna zane a gidan Vaux.

A watan Afrilun 1858 aka bayyana zanensu a matsayin wanda ya yi nasara cikin zane 33 da aka gabatar.

Ɗaya daga cikin sharuɗɗan gasar shi ne tituna 4 su ratsa lambun daga gabas zuwa yamma domin kada a datse zirga-zirgar birnin. Olmsted da Vaux suka nutsar da titunan ƙasa da matakin lambun, suka ɓoye su da itatuwa, ta yadda mai yawo a ciki ba zai ga amalanken kaya na wucewa ba.

Haka kuma sun raba hanyar masu ƙafa da ta mahaya dawaki da ta kekunan doki, inda suka haɗu aka yi gada. An gina gadoji sama da 30.

Kusan duk abin da baƙo ke ɗauka halitta ce a lambun, hannu ne ya yi shi. Dubban leburori sun fasa duwatsu da albarushi, sun shimfiɗa bututun janye ruwa a ƙarƙashin ƙasa, sun haƙa tafkuna, an kuma kwaso ƙasar shuka daga jihar New Jersey. A watan Disamban 1858 aka buɗe tafkin farko ga masu wasan zamiya a kan ƙanƙara. A yau faɗin lambun eka 843 ne.

Ra'ayin Olmsted shi ne, mutumin birni da hayaniya da cunkoso suka gajiyar na buƙatar fili mai faɗi da korayen itatuwa domin hankalinsa ya kwanta, kuma haƙƙin hukuma ne ta samar wa wanda ba shi da halin tafiya hutu karkara.

To sai dai a shekarun farko masu kekunan doki ne suka fi morar wurin, saboda yana da nisa da unguwannin talakawa. Masu suka sun kuma ce dokokin da Olmsted ya kafa, kamar taƙaita taka ciyawa da wasanni, sun yi tsauri ga ma'aikatan da aka ce dominsu aka yi lambun.

A watan Yunin 1859 ya auri Mary, matar marigayi ƙanensa, ya riƙe 'ya'yanta 3. A 1860 keken doki ya kife da shi, ƙafarsa ta karye, ya ci gaba da ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa.

Yaƙin basasa da Kalifoniya

Zaman Olmsted da hukumar lambun bai yi daɗi ba. Ya yi ta samun saɓani da ma'ajin hukumar, Andrew Haswell Green, wanda ke bin diddigin kowane kwabo.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, sai ya karɓi muƙamin babban sakataren wata hukumar sa kai mai kula da lafiyar sojojin arewa. Ya tura masu duba tsaftar sansanoni, ya tsara rabon magunguna da barguna da abinci.

Bayan kashin da sojojin arewa suka sha a Bull Run a watan Yulin 1861, ya rubuta rahoto da ya ɗora laifin a kan yunwa da gajiya da rashin horo. A 1862 shi da kansa ya jagoranci jiragen ruwan da aka mayar asibiti, suna kwasar waɗanda suka ji rauni a Virginia.

Yawan aiki da rashin barci da rigima da abokan aiki suka sa ya yi murabus a 1863. Ya tafi Kalifoniya ya zama manajan wani kamfanin haƙar zinari a Mariposa, da fatan biyan bashin da ke kansa. Nan ma kamfanin ya shiga matsalar kuɗi a farkon 1865.

Amma zaman bai tashi a banza ba. A 1864 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta miƙa kwarin Yosemite ga jihar Kalifoniya domin a adana shi, aka kuma sa Olmsted a hukumar da za ta kula da wurin.

A rahoton da ya gabatar a watan Agustan 1865, ya ce wajibi ne gwamnati ta kare irin waɗannan wurare daga faɗawa hannun ɗaiɗaikun masu kuɗi, ya kuma yi hasashen cewa nan da ƙarni guda masu ziyara za su kai miliyoyi. Wasu abokan aikinsa sun danne rahoton, bai fito fili ba sai a 1952. A yau ana lissafa shi cikin takardun da suka share fagen kafa gandayen daji na ƙasa a Amurka.

Sana'a ta kafu

Vaux ne ya dinga rubuta masa wasiƙu yana matsa masa ya dawo. A ƙarshen 1865 Olmsted ya koma New York, suka kafa kamfani tare. Tun a 1863 suka fara kiran kansu da laƙabin masu tsara filaye, sunan da Olmsted bai taɓa gamsuwa da shi ba, amma shi ne ya zauna.

Tare suka tsara lambun Prospect a Brooklyn, da unguwar Riverside a wajen Chicago. A birnin Buffalo, daga 1868, sun shirya lambuna 3 da suka haɗe da juna ta faffaɗan tituna masu itatuwa, tsarin da birane da dama suka kwaikwaya.

Sun raba gari a 1872. Vaux ya daɗe yana jin cewa ana ba abokin nasa yabon da ya kamata su raba.

A 1874 aka ba Olmsted aikin harabar majalisar dokoki a Washington da kuma lambun dutsen Mount Royal a birnin Montreal na Kanada.

A New York kuwa 'yan siyasa sun mayar da ayyukan lambun wata hanyar saka wa magoya baya. Olmsted ya yi ta jayayya da su, har a farkon 1878 aka soke muƙaminsa. Daga bisani ya koma garin Brookline da ke gefen Boston, inda a 1883 ya sayi gidan da ya zama mazauninsa kuma ofishinsa.

Aikin Boston ne ya fi nuna cewa sana'ar ta wuce ƙawata gari. Akwai wata fadama a unguwar Back Bay inda ƙazantar birnin ke taruwa, tana wari, tana kuma ambaliya idan ruwan sama ya haɗu da cikar teku.

Olmsted da injiniyoyin birnin suka karkatar da ƙazantar ta manyan bututu, suka sa ƙofar da ke daidaita shigar ruwan teku, suka mayar da fadamar wani kwari mai lanƙwasa da zai riƙe ruwa idan an yi mamako. Aka shuka ciyayi masu jure gishiri, aka yi hanyoyin yawo a gefe.

Daga nan ya jera lambuna a bin rafi har tsawon kimanin kilomita 11. Ɗaliban fannin na nazarin wannan aiki har yau a matsayin misalin yadda ake maganin ambaliya da fili da tsirrai.

Ya kuma kasance cikin jagororin fafutukar ƙwato bakin magangarar ruwan Niagara daga masana'antu da masu karɓar kuɗin kallo. Jihar New York ta mayar da wurin na jama'a a 1885.

Harabar jami'o'i

Mutumin da bai samu digiri ba ya shafe shekaru yana tsara wuraren da wasu za su samu nasu. Tun a 1866 ya zana tsarin kwalejin da ta zama Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, da na makarantar kurame ta Washington wadda a yau ake kira Jami'ar Gallaudet.

Ya fi son a zaunar da ɗalibai a ƙananan gidaje masu kama da na iyali, a maimakon katafaren ɗakin kwana guda, domin a ganinsa wurin zama na cikin abin da ke tarbiyyantar da ɗalibi.

A 1886 attajirin jirgin ƙasa Leland Stanford ya ɗauke shi aikin sabuwar jami'ar da yake ginawa don tunawa da ɗansa. Sun yi saɓani tun daga farko. Olmsted ya so a yi ginin a kan tuddai, Stanford ya dage sai a shimfiɗaɗɗen fili, kuma maganar mai kuɗin ce ta tabbata.

Inda Olmsted ya tsaya kai da fata shi ne batun ruwa. Ya ce kuskure ne a kwaikwayi korayen filayen gabashin Amurka da Ingila a yankin da ke shafe watanni ba ruwan sama. Ya ba da shawarar tsakar gida mai daɓe, da barandu masu inuwa, da tsirran da suka saba da fari. An buɗe jami'ar a 1891.

Neman magada

Da shekaru suka ja, babbar damuwar Olmsted ita ce wanda zai ci gaba da sana'ar. Babu jami'ar da ke ba da digiri a fannin, saboda haka ofishinsa na Brookline ne ya zama makaranta.

John Charles, ɗan ƙanensa da ya riƙa, ya zama abokin aikinsa. A 1883 ya ɗauki Charles Eliot, ɗan shugaban Jami'ar Harvard, a matsayin mai koyon aiki. Bayansa ya ɗauki Henry Codman. Yakan sa su karatu, su yi awon fili, su yi zane, sannan su tafi Turai su gani da idonsu.

Babban burinsa na kan ɗansa na cikinsa da aka haifa a 1870. Da farko an raɗa wa yaron suna Henry, daga baya mahaifin ya sauya masa suna zuwa Frederick Law Olmsted ƙarami domin sunan ya ɗore a sana'ar.

A 1888 George Vanderbilt ya kira shi ya tsara makeken filinsa na Biltmore a jihar North Carolina. Olmsted ya duba ya ga ƙasar ta gaji, an sare itatuwanta. Ya ba shi shawarar ya yi ɗan ƙaramin lambu kusa da gida, sauran kuma a mayar da shi daji da za a riƙa kula da shi bisa ilimi. A wannan daji ne aka buɗe makarantar koyon aikin gandun daji ta farko a Amurka a 1898.

Can ya tura ɗan nasa bayan ya gama Harvard a 1894. A wasiƙun da ya riƙa aika masa, ya amsa cewa rashin zurfin sanin tsirrai shi ne babban rauninsa, ya kuma hore shi da kada ya bar wurin sai ya cike wannan giɓi.

Aikinsa na ƙarshe da ya ja hankalin duniya shi ne filin baje kolin duniya na Chicago a 1893. Ya mayar da wani yashi mai fadama a bakin tafkin Michigan zuwa magudanan ruwa da tsibiri mai itatuwa, yana da shekara 70, yana fama da ciwo da rashin barci. Codman, wanda ke tsaye a kan aikin, ya mutu watanni kaɗan kafin a buɗe.

A wannan shekara Harvard da Yale suka ba Olmsted digirin girmamawa na dakta.

Ƙarshen rayuwa

A 1895, yana Biltmore, ya lura cewa yana manta abubuwan da aka tattauna jim kaɗan da suka wuce. Ya janye daga aiki. A watan Nuwamban shekarar Vaux ya nutse a ruwa a New York.

A 1897 Charles Eliot, wanda ake ganin shi ne zai ja ragamar sana'ar, ya mutu da cutar sanƙarau yana da shekara 37.

A 1898 iyalin Olmsted suka kai shi asibitin McLean da ke wajen Boston, wanda shi ne ya taimaka wajen zaɓar masa fili a shekarun 1870. A can ya mutu ranar 28 ga watan Agustan 1903, yana da shekara 81. An binne shi a Hartford.

Daga ofis zuwa aji

Abin da ya daɗe yana fata ya tabbata ne a lokacin da ba ya iya bin sa. A watan Janairun 1899 mutum 11 suka kafa ƙungiyar masu tsara filaye ta Amurka, John Charles ya zama shugabanta na farko. Mace guda ce a cikinsu, Beatrix Jones, wadda daga baya aka sani da Beatrix Farrand.

A shekarar da ta biyo baya, shugaban Harvard Charles W. Eliot, wanda mutuwar ɗansa ta girgiza shi, ya amince a buɗe kwas ɗin shekara 4 a fannin. Olmsted ƙarami, yana ɗan shekara 30, shi aka ɗora wa tsara manhajar da koyarwa.

Manhajar ta tattara abubuwan da mahaifinsa ya tsinto ɗaya bayan ɗaya a gona da ofishin safiyo da tafiye-tafiye: zane, awon ƙasa, aikin injiniya na hanya da magudanar ruwa, ilimin tsirrai da na ƙasa, da tarihin lambuna. Har yau a kan waɗannan ginshiƙai ake gina kwas ɗin a jami'o'in duniya, tare da ƙarin aikin kwamfuta da ilimin muhalli.

Da yake Harvard ba ta ɗaukar mata a fannin a lokacin, sai aka buɗe musu makarantar Lowthorpe a 1901. Jami'ar ba ta buɗe musu ƙofa ba sai a 1942. Jami'o'in Cornell da Illinois da Michigan sun bi sahun Harvard cikin 'yan shekaru, kuma daga wannan sashe ne Harvard ta fara koyar da tsara birane a 1909.

Tasirin ya kai har Najeriya. Ian McHarg, wanda ya karanta fannin a Harvard bayan yaƙin duniya na biyu, na cikin waɗanda suka kafa ɗaya daga kamfanoni 3 na Amurka da suka haɗu suka shirya babban tsarin birnin Abuja, wanda aka miƙa a 1979.

Kamfanin da 'ya'yan Olmsted suka gada ya ci gaba da aiki har kusan 1980, kuma ayyukan da suka bi ta ofishin sun kai kimanin 6,000. Gidan na Brookline yanzu wurin tarihi ne a hannun hukumar gandayen daji ta Amurka, hukumar da Olmsted ƙarami ya taimaka wajen rubuta dokar kafa ta a 1916. Ɗalibai da masu bincike na zuwa can duba zanen da aka adana.

Central Park kuwa, bayan lalacewar da ya yi a shekarun 1970, an kafa wata gidauniya a 1980 da ta gyara shi bisa tsarin Olmsted da Vaux. Yana karɓar ziyara kimanin miliyan 40 a shekara, kuma har yanzu shiga kyauta ne.